Fito a Kan Yashi

A zamanin Turawa, duk wanda zai ƙetare kogin Haɗeja ta wajen Auyo da damina sai ya bi ta hannun Inuwa Mai Gora. Fito ne sana'arsa, gadonta ya yi. Yakan ɗora mutum da kayansa a kan ƙaton gora, shi kuma ya bi baya da iyo yana turawa har ɗaya gaɓar. Wajen taurin kai kuwa, ni dai ban ga na biyunsa ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: kuɗin fito ba ya halatta sai mai karɓa ya jiƙe. Idan ruwa ya janye har mutum zai iya takawa da ƙafarsa, ko ka miƙa masa ba ya karɓa.

Wata shekara da rani ya kai bandar kifi can arewa, ƙasar da Faransi ke mulka, ya samo kanwa jaki guda. Da ita ya dogara ya ciyar da gidansa har ruwa ya dawo. A hanyar komowa, can gaba da Birniwa, ya tarar da rumfa da sanda a gicciye, da wani ma'aikacin kwastan mai suna Muhammadu.

"Baba, sai kuɗin fito," in ji Muhammadu.

Inuwa ya duba gabas ya duba yamma, ba komai sai yashi da sabara. "Ɗan samari, ina kogin?"

"Sandar nan ita ce kogin, Baba. Can ƙasar Faransi, nan ta Ingilishi. Duk hajar da ta shigo daga wata ƙasa gwamnati na da rabonta, ko a jirgin ruwa ta sauka Ikko, ko a bayan jaki ta zo. In ba ka biya ba, jakin da kanwar sun zauna ke nan."

Inuwa ya tuna matarsa Mairam da rumbun da ya kusa kai ƙasa. Amma ya ba mai busasshen wando kuɗin fito? Da wane ido zai dubi mutanen Auyo?

Can ya ce, "Na gane. To, tunda kogi ne, ƙetarar da ni."

Muhammadu ya yi dariya har da riƙe ciki, sai ya lura dattijon ba wasa yake ba. Ya ɗaga sandar, ya kama igiyar jakin ya yi ta ja, jaki na turjewa, har suka tsallako. Inuwa ya kwance goran ruwan shansa, ga rana tsaka ga rijiya da nisa, ya juye shi kaf a ƙafafun Muhammadu, wandon kaki ya jiƙe sharkaf har gwiwa. Sannan ya sa hannu a aljihu.

"Ungo," ya ce. "Yanzu ka ci halaliyarka."