Sai an ga na ɗaya

A gidana komai da lokacinsa. Ana sallah, a ci abinci, sannan a yi hira. Kafinta ne ni a Gwandu, ban yi boko mai nisa ba, amma ba na son a fara abu daga tsakiya. 'Ya'yana sun tashi a haka, duk sun saba.

Wadda ba ta saba ba ita ce jikata. Uwarta, ɗiyata ta fari, tana aure a Kalgo, ta kawo ta hutun makaranta. 'Yar aji ɗaya ce a lokacin. Kowane kaka yana tsokanar jikarsa da "amarya", ita kuma ta rama. Ni kuwa in na kira ta haka, sai ta ɓuya bayan zanen uwarta. Abin yana cina, ban gaya wa kowa ba, ga hutu ya zo ƙarshe.

Ana gobe za su koma, na shigo bayan la'asar na tarar da su a tabarma, uwar ta jingina waya da kwano. Katun za su kalla, fim ɗin zane na yara, labarin wata 'yar bushiya da ruwa ya raba da gida.

Na ce, "Mene ne wanga?"

Ɗiyata ta ce, "Kashi na biyu ne, Baba. Tun da ya fito ta hana ni sakat."

"Ina na ɗaya?"

"Na goge, waya ta cika."

"To a kashe. Ba a kallon na biyu a gidan nan ban ga na ɗaya ba."

Yarinyar ta ɓuya bayan uwarta. Na ga na ƙara ɓata lamari, amma ba na janye magana. Sai na ce, "Wanda ya ga na ɗaya ya ba ni labarinsa, sannan a kunna."

Ta leƙo. Da 'yar ƙaramar murya ta ce, "Ni na gani."

Ta faro daga ƙarshe. Na ce, "A'a, amarya, daga farko. Wa ya fara fitowa?" Ta koma farko. Kafin a jima ta miƙe tsaye, tana tafiyar bushiya, tana kukan kwaɗi, har ɗankwalinta ya faɗi.

Ta ce, "Sai ga wani tsohon kunkuru mai faɗa, da gemu da guduma. Ya ce kowa ya wanke hannu tukun. Shi ya gyara mata kwalekwale."

Uwar ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ban gane dalili ba.

Aka kunna na biyu. Uwar tana dariyar abin da yarinyar ba ta gane ba, yarinyar tana dariyar faɗuwa da tsalle. Ni kuma da kura ta biyo bushiya, sai na ji bakina yana cewa, "Bi ta dama, ke!"

Yarinyar ta ce, "Tsoho, yi shiru, ba ta jinka." A lokacin ta riga ta jingina da gwiwata.

Bayan sun tafi na je rumfar masu tura fim a waya, aka sa mini na ɗaya. Na kalle shi a shagona daga farko har ƙarshe. Babu kunkuru. Na sake kallo. Babu gemu, babu guduma.

Na kira Kalgo, na ce a ba ni ita.

"Amarya, ina kunkuruna?"

"Yana cikin na uku, miji. Sai ka zo mu gani."

Da na ukun ya fito na rufe shago na hau motar Kalgo. Tun daga ƙofar gida ta sheƙo da gudu, ta fizge hulata ta ɗora a kanta. Muka kalli na ɗaya, muka kalli na biyu, sannan na uku. Kunkuru bai fito ba. Ni ma ban tambaya ba.