Maƙiyin Tumaki

Borubai makiyayi ne a tsaunukan At-Bashi, kuma duk ƙauyensu an shaide shi da abu biyu: ɗan rago ba ya ɓata a hannunsa, ba ya kuma tambayar abu sau biyu. Na farkon ya rufa masa asiri shekara da shekaru. Na biyun kuwa taurin kai ne tsagwaronsa, ko da yake shi mutunci yake kiransa.

Ranar da tilon ɗansa Kubat ya ce zai tafi Mosko aikin gini, tsohon bai yi faɗa ba. Juya masa baya kawai ya yi, ya ci gaba da ɗinkin sirdi. Tun daga nan, in Kubat ya bugo waya, sai ya miƙa wa na kusa ya fita duba garke, sai ka ce tumakin ne suka aiko kiransa. Yana son yaron, Allah ya sani yana sonsa, amma jira yake ya dawo ya durƙusa tukuna. Yaron ya dawo a cikin akwati, bayan ya faɗo daga saman bene. Matarsa Jipar ce ta rako gawar, da jaka ɗaya tal, a ciki har da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da marigayin ya saya ta hannu wurin wani direba, an liƙe gefenta da gam.

A wurin zaman makoki abokan aikinsa suka ce duk ranar hutu Kubat yakan zauna gaban kwamfutar nan ya kaɗa komuz, molonsa mai tsirkiya uku, yana rera waƙoƙin gida, tana ɗaukar muryarsa. Borubai ya ji. Daga lokacin abin da yake so a duniya ya koma guda ɗaya, ya ji muryar da ya yi shekaru yana gudu.

Da aka kunna ta, sai baƙin allo da wani ɗan gurbi da ke neman kalmar sirri. Jipar tana bayan labule, fuskarta ga bango, yadda mai takaba ke zama. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya kira ta yadda ake kiran matar ɗa.

"Kelin, da wace kalma ake buɗe abin nan?"

Ta amsa ƙasa-ƙasa, da kiran da ake yi wa uba, "Maƙiyin tumaki ne, Ata."

Ya gyaɗa kai. Wace 'yar makiyaya ce za ta ambaci kyarkeci da sunansa a gidan da ake kiwo? Kiransa ai gayyatarsa ne. Har a ransa ya yaba tarbiyyarta.

Washegari ya shiga motar haya zuwa garin Narin, shagon Usta Dastan mai gyara, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana riƙe da ƙusa a leɓe. Usta ya kwance bayan kwamfutar ya leƙa, sannan ya kira shi yadda ake kiran dattijo.

"Aksakal, makulli biyu ne a jikinta. Na ƙofar waje tsohon mai ita ne ya bar shi, kafin shayinka ya huce na ɓalle shi. Amma ɗanka ya ɗora nasa a kan rumbun ajiyar. Wannan kam, ko wanda ya ƙera ta ne ya zo, sai dai ya gaishe mu ya koma."

"Kyarkeci ne," in ji Borubai. "Rubuta."

Usta ya rubuta karishkir, yadda kowa ke kiran kyarkeci a yarensu. Ta ƙi. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya rubuta da Rashanci. In aka yi kuskure uku sai ta ɗauke wuta, a sake kunnawa.

"Aksakal, irin kiran da muka yi wa kyarkeci yau, ni dai na fara jiye wa garkenka tsoro."

Tsohon bai yi dariya ba. Can ya tuna da kalmar mutanen da, wato boru. Aka rubuta, ta ƙi. Usta bai san sunan tsohon ba, balle ya hango kalmar a cikinsa, don ba a tambayar mai farin gemu sunansa. Shi kuwa mai sunan, rabon da a kira shi da shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Matarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta shi ba. Ko da wasa bai kawo a ransa cewa yaron da ya juya wa baya zai tuna da shi ba.

"Koma ka sake tambayar surukar taka mana, ba baki gare ta ba?" in ji Usta.

"Na tambaya."

Ya yi ta zarya duk ranar kasuwa, yana kawo sunan kare, sunan goɗiya, sunan marigayiya matarsa. Kowane ya faɗi, sai ya ji kamar an ce masa bai san ɗansa ba. Baƙin ciki ya rikiɗe ya zama fushi, don da fushi ya fi sabawa.

"Ko a kabari ma rufe mini ƙofa ya yi," ya ce wata rana. "Akwai wata hanya?"

"Zan iya wanke ta tas ta yi aiki. Amma duk abin da ke ciki ya tafi ke nan, babu dawowa. Ka je ka kwana da maganar, Aksakal."

"Wanke."

Usta ya dube shi, ya danna.

Bayan sadakar arba'in Jipar ta fito daga labule. Ta kawo masa shayi da soyayyen burodi, sai ta ga kwamfutar a buɗe a kan tabarma, allon ya yi haske. Fuskarta ta washe.

"Ta buɗe, Ata! Kun ji shi?"

"An wanke ta. Kyarkecin naki bai buɗe komai ba."

Kofin ya kuɓuce daga hannunta.

"Wayyo, Ata, ba na dawa nake nufi ba. Na gidan nan."

Matar ɗa ba ta furta sunan surukinta ko za a yanka ta, sai dai ta zagaya, ta laƙaba masa wani abu mai kama da ma'anarsa. Ita ta ɗauka ya gane tun ranar, shi ya sa bai sake tambaya ba.

"Ɗanku ne ya zaɓe shi da kansa," ta ce tana kuka. "Na ce masa ya yi tsawo, ya ce shi kaɗai ne ba zai taɓa mantawa ba."

Borubai ya nemi bango ya jingina. Ya zame ya zauna. Ya daɗe a haka, shayin na bin tabarma yana jiƙa masa wando.

"Kelin, faɗe shi. Babu wanda ya rage da zai kira ni."

Ta ja ɗankwali ta rufe fuska don kunya da tsoro.

"Borubai."

"Na'am," in ji tsohon, yana kallon allon da babu kowa a cikinsa.