Mai Sulhun Da Ba Ya Gaida Yayansa

Ina tsakiyar jawo aya a gindin tsamiya a Auyo, sai Baba Ilu ya ɗaga min hannu.

Takanas aka ɗauko ni daga Haɗejiya in sasanta shi da ƙaninsa, sun daina gaisawa kan iyakar gonar shinkafa. Na sha babbar riga, ga carbi, ina ta zuba wa'azin zumunci.

Ya ce, "Malam, ba kai ne ƙanin Sule mai kifi ba? Ya ƙafar tasa? Na ji tun kafin azumi kwalekwale ya danne ta."

Wallahi ban ma san ya ji ciwo ba. Shekara biyu ba na gaida Yaya Sule, don kawai ya ce ina da girman kai. Kuma gaskiya ya faɗa.

Baba Ilu ya ce, "Je ka dubo shi, ɗana. Gonarmu ba guduwa za ta yi ba."

Na je, na durƙusa na gaishe shi. Ya kalle ni ya ce, "Wa'azi ka kawo ko gaisuwa?"

'Yan'uwana masu gyaran gidajen mutane, yaushe rabonku da leƙa naku? Ni dai na tona nawa, saura ku.