Baturiyar Malam Tsoho

Ni Rakiya na daɗe ina zaune da Malam Tsoho a gida ɗaya a unguwar Shisha da ke Makka, ɗakinsu da namu tsakar gida ɗaya muka haɗa, don haka in na ce mutumin nan kansa ya fi dutsen Makka tauri ba ƙage na yi masa ba. Mutumin Dawakin Tofa ne. Aikin Hajji ya kawo shi da matarsa, Yaya Zainabu, tun suna da sauran ƙuruciya, suka ce bari su ɗan nemi guzuri su koma baɗi. Baɗin nan har furfura ta kama su ba ta zo ba.

Aikinsa kula da lambun wasu Larabawa a Aziziyya, kuma hannunsa na da albarka, ko sanda ya kafa sai ta yi tsiro. Amma a gidansa bai taɓa sa ko ƙwayar barkono a ƙasa ba. Na'ana'a a gwangwanin madara, tumatir a bokitin fenti, lalle a tsohuwar robar wanki. Yaya Zainabu ta roƙe shi har ta gaji ya dasa mata ko da bishiya ɗaya ta riƙa shan inuwa.

"Baƙo ba ya dasa itace," in ji shi. "Baɗi muna gida."

A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe cike da tsarabar mutanen gida: dardumai, casbi, kwalli, huluna. Wasu da ya saya wa ma sun riga mu gidan gaskiya.

A shekarar 2014 uwargidan da yake yi wa aiki ta sayo wasu shuke-shuken ado daga Ɗa'if, inda ake samun sanyi. Sunansu baibarnam, wai iri biyu aka aura aka fitar da su, ganye kore shar mai ƙyalli, kuma an ce suna farin fure. Zafin Makka ya kashe su saura ɗaya, shi ma ta ce a zubar. Malam Tsoho ya rungumo shi a tasi ya kawo mana gida. Da yake harshensa ya kasa sunan, sai ya sa masa Baturiya, tunda ba ta son rana.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam, abin da ya gagari masu gida da injin ban ruwa, kai da bokitin fenti za ka iya?"

Ya ajiye ta ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don ruwan da ke ɗiga daga bayanta ya riƙa ba ta sha. Dabara ce mai kyau, sai dai ya manta cewa bayan mukayyif iska mai zafi yake hurawa. Kafin ya farga gefe guda ya ƙone ƙurmus. Ya aske ƙonannun rassan, ya ja bokitin jikin katangar da rana ba ta daɗewa, ya sa siririn tiyo ya janyo ruwan har can. Ya yi mata rumfa da zanen da na shanya. Wannan kam mun yi rigima a kansa, kuma har yau bai biya ni zanena ba.

Baturiya ta farfaɗo. Ta yi sabon ganye, ta kai ƙugu. Kowace safiya kafin ya fita sai ya tsaya ya goge mata ƙura ganye-ganye, ya duba ƙasanta da yatsa.

A bazara ta biyu sai ganyen ya fara yin rawaya yana zuba. Ya canja taki, ya naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu, a banza. Ran Juma'a ya hau mota har Ɗa'if wurin mai sayar da shuke-shuken. Ya dawo fuska a murtuke. Mutumin ya ce masa saiwar ta cika bokitin tana zagaye kanta, kuma da tsakar rana robar na dafa ta. Ko a sa ta a ƙasa, ko a yi mata sallama.

Malam Tsoho ya ce bai yarda ba. Ya nemo rabin duro ya mayar da ita ciki. Ta ɗan yi kamar za ta tashi, ta sake langaɓewa. Tausayinsa ya kama ni, wallahi, don na san ba ƙasar yake tsoro ba. Ran da ya haƙa mata rami a ƙasa, ya amsa da bakinsa cewa ba zai koma Dawakin Tofa ba.

Wata la'asar ina tsinke shinkafa a ƙofar ɗakina, shi yana tsugune yana tsince ganyen da ya zuba, Yaya Zainabu ta fito da buta. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ta tsaya ta dubi duron.

"Malam, ka ƙyale ta ta mutu mana," ta ce. "Ai ni ma tun zuwanmu a bokiti ka ajiye ni, kuma ga ni."

Ta wuce ta yi alwalarta. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin faranti, idona ya cika.

Washegari ya je wurin mai gidan da muke haya. Balaraben ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kalas, ya ammi," wato shi ke nan, baffa, "in za ka iya fasa wurin, fasa." Ƙasar Shisha ba ƙasa ba ce, dutse ne. Tsohon nan ya ari guduma da kurfi, kullum ya dawo daga aiki sai ya hau sara har magariba. Tafin hannunsa ya fashe, Yaya Zainabu ta riƙa shafa masa man kaɗanya. Na ce ya nemi samari su taya shi, ya ce ramin nasa ne. Da ya kai zurfin da yake so ya cika shi da ƙasar da ya ɗauko a buhu daga Ɗa'if, ya yanka duron, ya warware saiwar da yatsunsa a hankali. Yaya Zainabu ce ta riƙe itacen a tsaye shi kuma yana turo ƙasa.

A makon nan ya jawo akwatin ƙarfen ya buɗe. Duk gidan da ke layinmu sai da ya sami darduma ko hula. Ni kwalli na samu, ya bushe kamar tsakuwa, amma na karɓa.

Yanzu Baturiya ta wuce kaina tsawo, kuma a gindinta Yaya Zainabu ke shimfiɗa tabarma da yamma. Fure dai ko ɗaya ba ta taɓa yi ba. Mai shuke-shuken ya ce sai ta sha sanyi, Makka kuwa ina ta ga sanyin? Ni kuma bakina ba ya shiru. Duk lokacin da zafi ya ɗan sassauta sai na leƙa rassan na ce, "Malam, ina furen Baturiyar taka?"

Sai ya ɗago daga tsugunen da yake, ya dubi matarsa a kan tabarma, ya karkaɗe hannunsa.

"Baɗi, in Allah ya yarda," ya ce. "Ai muna nan."