Amaryar Gidan Baba Raufu da Fentin Mota

Ku gyara zama in ba ku labarin Iya Sikira, maƙwabciyata a unguwar Oje ta Ibadan, wadda na shekara ashirin ina sayen ƙosai a hannunta.

Shekara arba'in ke nan da aka kawo ta gidan su Baba Raufu masaƙi, amma har yau dangin miji "amaryarmu" suke ce mata. Ga furfura, ga jikoki tara, duk da haka ko ƙusa ba ta isa ta kafa a bango ba sai Mogaji, babban gidan, ya yarda.

Gidan irin na da ne, ɗakuna na kallon juna, doguwar hanya a tsakiya, ba ko taga. Hayaƙi ya mai da bangon kamar gindin tukunya. Da idon Baba Raufu ya fara hazo, sau biyu yana faɗuwa a nan, a na biyun har ya fasa goshi. Babban ɗansu Mukaila ya bugo waya daga Legas, ya ce ƙarshen wata zai zo ya tafi da tsohon.

Baba Raufu ya daina cin amala, tuwon garin doya. Kabarin mahaifinsa na ƙofar gida, masaƙarsa na baya, me zai je yi a bene hawa na huɗu a Legas?

Iya Sikira kuwa ta lura da wani abu. Mijin ba ya gane fuska, amma in ta ɗaura ɗankwali ruwan ɗorawa, tun daga nesa yake cewa, "Uwar Mukaila, ke ce?" Sai ta je ta durƙusa gaban Mogaji da ƙosai mai zafi, ta nemi izinin yi wa gidan fenti.

"Fenti?" in ji Mogaji. "Amaryarmu, gidan kakanninmu za ki mayar gidan rawa?"

"Baba, in an kai ƙanenku Legas, wa za ku riƙa cuta a dara?"

Sai da ya cinye ƙosan tas sannan ya ce, "Je ki yi. In kakanni sun tambaya, ni barci nake."

Ƙanenta mai fentin manyan motoci ya kawo ragowar gwangwanaye. Bango ya sha ruwan ɗorawa, bakin kowace ƙofa shuɗi mai duhu, dokin ƙofar da ke kayar da tsohon kuwa ja wur. Aka cire kwano biyu a rufi, aka sa na roba mai shigo da rana.

Matan dangin miji suka yi ta shewa. "Amaryarmu, saura ki ɗaura wa gidan taya mu hau mu tafi Ogbomosho!"

"Bismillah, uwayen mijina," ta ce. "Ni ce direba, ku ne buhunan."

Ranar da Mukaila ya iso, ya kwanta rub-da-ciki a bakin ƙofa zai yi gaisuwa. Baba Raufu ya fito daga ɗakinsa na can ƙurya, ba sanda, ba dafa bango. Ya tako hanyar nan har ƙarshe, ya tsallake jan dokin ƙofa, ya tsaya a kansa.

"Tashi, Alhajin Legas. Jakar wa ce wannan a tsakiyar hanya? So kake ka kayar da ni?"

Mukaila ya tashi, ya dubi bango, ya dubi uwarsa. "Mama, wannan launi ai sai ya makantar da mai ido."

"To rufe naka."

Kwana biyu ya yi. Ya kira mai gyaran wuta ya jera ƙwan fitila uku a hanyar saboda ranar hadari, sannan ya kama hanyar Legas da buhun garin doya a kujerar da ya tanadar wa tsohon.