Gwaggo Ladi, Rawar Ɓalle da Dunduniyar Hanan

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ban san kaina ba. Amma damuwar da zan fara da ita ta girmi rasuwar. Tun ranar da 'yata Hanan ta fara tafiya, dunduniyarta ba ta son ƙasa. A kan yatsu take yawo, kamar mai taka tayil mai zafi da tsakar rana. Na kai ta asibiti, likita ya lallatsa ƙafar, ya ce ƙashi lafiya lau, sabo ne da ɗan ɗaurewar jijiya, a riƙa motsa mata. Na ji. Sai dai ba a gaya wa uwa "lafiya lau" sau ɗaya hankalinta ya kwanta. Gwaggo ta tafi Hanan na da shekara biyu. Yanzu tana da shida, kuma har yau a ɗage take tafiya.

Bana ta ga rawar bale, rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, a wayata, ta kafe sai an sa ta. Matan unguwa suka kama: "Mashallah, ai wannan da bale aka haifo ta, dubi yadda take tsayawa!" Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai, yau ga shi ana kiran sa baiwa.

Haushina na farko da Gwaggo nake, Allah ya gafarta mata, domin a duk danginmu ita kaɗai ta san wannan rawa, kuma ita ce ta tafi. Ta yi shekaru tana aiki a wani gida a Abhur, can arewacin Jidda, garin da muke zaune, inda 'yar gidan ke koyon bale. A lokacin babu allo a bakin titi, babu talla. Malama ce ke zuwa gida, a ja labule, Gwaggo ta zauna bakin ƙofa da tawul da ruwa. Ita ke ɗinka roba a takalman yarinyar, ita ke wanke safa. Ba ta taɓa cewa "bale" ba, sai "rawar ɓalle". Mu gyara mata, ta ce, "Ku bar ni, na san abin da nake faɗa." In ta dawo gida ranar Alhamis, takan kama mariƙin firji, ta buɗe ƙafafu cikin zanenta, ta lanƙwasa gwiwa a hankali, tana nuna mana abin da aka yi a makon. Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni na fi kowa dariya. To haushina na biyu da kaina nake.

Da Gwaggo za ta ɗaga kai ta ga Jidda ta yau, ban san me za ta ce ba. Rawar da ake ja wa labule yanzu tana cikin manyan kantuna, bayan gilashi, iyaye na ɗauka a waya. Ina jin za ta yi murna da rabi, ta yi tsaki da rabi. Ni dai da na shiga neman aji, kaina ne ya yi zafi. Akwai ajin share fage, akwai na farko, akwai na farko kashi na biyu, akwai na manya masu farawa, kuma yawancin sunayen da Turanci. Ni da na tsaya a aji shida, na Larabci ma, ina zan kama? Na buga waya wurare da dama. Kowa sai ya tambaye ni ranakun da nake so da launin rigar da za a ba ta. Ba wanda ya ce, "Yaya yarinyar take?" Na tambayi matan da muke zaure ɗaya a waya, kowace ta yabi inda 'yarta take, biyu suka ɓige da faɗa, aka manta da ni. Na kai kuka wurin Baban Hanan da ya dawo daga tashar jiragen ruwa a gajiye, ya ce, "Ki zaɓi wanda ya fi kusa, halas, shi ke nan." Kamar burodin tamis zan sayo.

Wurin farko da muka je, a cikin wani babban kanti yake, komai ruwan hoda, komai na ƙamshi. Budurwar da ke kan tebur ta hango Hanan na tahowa a ɗage, ta dafe ƙirji. "Habibti! Ai wannan ta wuce ajin farawa. Aji na biyu za mu sa ta, ƙarshen zango ta hau dandamali." Na fito ina jin kaina ya ƙara tsawo.

Wuri na biyu wata maƙwabciya ce ta matsa mini, ita ma ji ta yi a bakin wata. Ɗaki ne guda a saman wani kantin magani, ba nisa da Balad, tsohon garin Jidda, madubi ɗaya da sandar katako a jikin bango. Malamar ba ta ko kalli fuskar Hanan sosai ba. Zama ta yi a ƙasa, ta cire mata safa, ta ce ta tsaya dunduniya a ƙasa ta lanƙwasa gwiwa. Hanan na lanƙwasawa, dunduniya ta tashi. Aka sake, ta tashi. Aka sake. Sai malamar ta ce da 'yan shekara huɗu za ta fara, ba tsalle, ba dandamali, wataƙila watanni, kuma in ci gaba da abin da likita ya ce. Hanan ta fashe da kuka: "Ummi, ajin jarirai ne!" Raina ya ɓaci. Na kira ta yadda ake kiran malamai mata a nan, na ce, "Abla, wani wurin cewa suka yi ta wuce farawa." Ta ce, "To ki kai ta can, ya ummi. Ni daga ƙasa nake farawa." Na ja hannun 'yata, na fita ko sallama babu. Ko sunanta ban tambaya ba.

Na kai ta can ɗin. Darasi uku ta yi. Kullum ana tafa mata, kullum tana dawowa ta ƙara ɗagewa, har a banɗaki. Ranar darasi na uku muna cikin tasi ta ce bayan ƙafarta na mata ciwo, na sa hannu na taɓa wurin, na ji shi tauri kamar igiyar shanya. A nan, a tsakiyar cunkoso, labarin da Gwaggo ta sha ba mu ya dawo mini gaba ɗayansa, labarin da na ɗauka hira ce kawai.

Malamar farko ta gidan Abhur ta sa yarinyar ta shekara riƙe da sanda, ba ta ba ta takalmin nan mai tauri na tsayawa kan yatsu ba. Uwar gidan ta gaji, ta ce ba ta ga ci gaba ba, ta sallame ta. Aka kawo wata, cikin 'yan makonni ga takalmi, ga hotuna, ga baƙi ana nuna musu. Gwaggo ce ta san sauran labarin, don ita ke wanke jini a safa, ita ta tsinci farcen da ya ɓalle. Yarinyar ta bar rawar ba ta ƙara waiwayarta ba. Daga nan sunan "ɓalle" ya fito, ashe ba harshenta ne ya karye ba. Kuma sai na tuna yadda takan ɗora Hanan a cinya, ta tara tafin hannunta, ta danna dunduniyar yarinyar a ciki tana 'yar waƙa. Ni ina gefe ina cewa, "Gwaggo, ki bar ta mana, wasan ya isa." Rashin sani ya fi dare duhu.

Kun zaci washegari na koma wurin malamar? Ina! Girman kai ya riƙe ni sati biyu, ina tsara yadda zan shiga ba tare da na ce na yi kuskure ba. Ranar da na hau benen, fenti na tarar ana yi. Babu madubi, babu sanda, sai ramukan ƙusa a bango. Mai gadi ya ce abla ta tashi, yana jin arewacin gari ta yi, wajen Abhur ko gaba, bai sani ba. Maƙwabciyar da ta turo ni ta tambayi wadda ta gaya mata, ita ma ta ce a bakin wata ta ji. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Yanzu Hanan na gida, na cire ta daga wancan ajin, tana fushi da ni. Kowace safiya nakan sa ta kama mariƙin firji, in durƙusa in danne mata dunduniya, muna ƙirgawa tare. Ban san ko daidai nake yi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba kowane hannu ba ne ya iya tanƙwarawa bai karya ba, ni kuwa nawa hannun ban yarda da shi ba.

In na auna abin da Gwaggo Ladi ta bari, ba gida, ba takarda, ko hotonta na kirki ba mu da shi sai na iƙama, katin izinin zama. Mace ce da aka ajiye a bakin ƙofa don ta miƙa tawul, ita kuwa ta zauna ta koyi bambanta malama da mai sayar da riga. Ba ta san sunan motsi ko ɗaya ba, amma ta san inda ake kallo. Wannan idon ta bar mini, ni ce na makara wurin buɗe shi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya yafe mini dariyar da na yi.

Ga roƙona gare ku masu karatu, musamman 'yan'uwa mata da ke aiki a gidajen arewacin Jidda da direbobin da ke kai yara darasi. Malamar gajeriya ce, akwai furfura a gaban kanta, Larabcinta na Masar ne, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma tafi take yi wa yara maimakon ta kunna kiɗa. Duk wanda ya san inda ta koma, ya bar saƙo wurin matanmu masu sana'a a Balad, a ce na Maman Hanan ne, zai iso ni. In kuma kun riga ni ganin ta, ku gaya mata uwar da ta fita ba sallama ta yarda da ajin 'yan shekara huɗu.