Man Kanumfari a Ƙafar Maigidana

Daminar farko bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, mu a Sabiyal kurkunu muke fama da shi. Ruwan tabki muke sha, ina zai bar mu? Maigidana a idon sawun dama ya fito masa, daidai lokacin noman fari.

Ni na iya jinyar kurkunu, wurin innata na koya. In tsutsar ta leƙo, sai a naɗe kanta a tsinke, kullum a murɗa kaɗan, inda ta tirje a ƙyale ta. Kwana tara ina lallaɓa ta, na naɗe kusan kamu guda, har ya fara dogarawa ya fita zaure.

Sai ga wansa ya dawo daga kasuwar Jega da wata 'yar kwalba. Wai tataccen man kanumfari ne, mai maganin ya ɗiga wa wata tana a faranti gaban jama'a, nan take ta sheƙa. Wai aikina tafiyar hawainiya ne, ga ciyawa tana cinye gero.

Na san in tsutsar ta tsinke cikin nama an shiga uku. Amma matar ƙane ba ta musu da wan miji, ko sunansa ba na kamawa. Kaina a ƙasa na ce, "Yaya, a bari ta hito da kanta."

"Ke mi kinka sani?" in ji shi.

Ya karɓi tsinken, ya tsiyaya man a bakin gyambon. Zafi ya ratsa maigidana, ya fizge ƙafa. Tsutsar ta tsinke, sauran ta koma ciki.

Kafin kwana uku ƙafa ta zama turmi, sai asibitin Jega. Malamin asibitin ya shinshina kwalbar, ya ce ko da man yana kashe tsutsa, wane mai hankali ke kashe ta tana cikin mutum? Ya tambayi wanda ke jinyar. Wan nasa, ko kunya babu, ya nuna ni ya ce, "Matatai ce."

Idon sawun ya sandare, bai ƙara lanƙwasuwa ba. Da jan ƙafa maigidana ya ƙare nomansa. Wansa har ya koma ga Allah, ƙaddara yake kiran abin, kuma ban yafe ba.

Amma haushin kaina ya fi ci na. Da zai zuba man nan, ni ya ce in danne masa ƙafar, kuma na durƙusa na danne.